Zambon Mati a Suwaidi

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da ake faɗa a kaina a nan Riyad, daga unguwarmu Ulaisha har Batha. Wasu sun ce tsufa ne ya taɓa mini kai, wasu sun ce kwaɗayin riyal ne ya sa dattijo da furfurarsa ya rataya kalangu. Ban tsaya musu da kowa ba, don ba ni da yawun da zan ɓata. Amma ku jinina ne, gara ku ji daga bakina tun ina da baki.

Ubana Tanko makaɗin mahauta ne a wata kasuwa ta ƙasar Katsina, dab da iyakar Maraɗi. Ranar kasuwa tun da hantsi yake rataya kalangu ya bi rumfunan nama ɗaya bayan ɗaya. Kowane mahauci yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, wanda in ya ji shi ko yana cikin fiɗa sai ya ɗaga wuƙa ya amsa. Ku da kuka tashi a nan ba ku san cewa kalangu magana yake yi ba. In an matse tsarkiyarsa a hammata murya ta hau, in an saki ta sauka, sai ya faɗi Hausa tsaf ga wanda kunnensa ya saba. Na iya riƙe gula, sandar kiɗan, tun kafin in iya ɗaure wando. Na kuma iya jin abin da ake ce mana a bayan ido. Ana son kiɗanmu, ana yi mana kyauta, amma in ɗan makaɗi ya je neman aure gidan da ba na irinsu ba, sai a ba shi ruwa a yi masa addu'a a raka shi ƙofa.

Da na zo Riyad ina saurayi na sami aikin tuƙi a gidan wani Balarabe. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma, kuma ban yi ƙarya ba, don Tanko yana da gonar gero. A wancan zamani kiɗa a fili ba abin yi ba ne a garin nan, don haka babu abin da ya tona ni. Na tsayar da gemu, na riƙe sahun gaba, ban shiga rigimar kowa ba. A hankali mutanenmu suka fara ce mini Malam Idi, ni da karatuna bai wuce 'yan izu kaɗan ba. In za a je neman aure ni ake sa wa a gaba. In an yi haihuwa ni ake kira in raɗa suna. In biyu sun saɓa a wurin aiki, falona ake kawo su. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sunan nan ƙwarai. Kusan shekara talatin na yi ina gina shi, kuma na fi tattalinsa da yadda nake tattalin iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar.

Sai Allah ya ba ni Abba. A nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa kamar tuwon da bai gama nuna ba. Tun yana ƙarami ba ya ganin kwano ko murfin tukunya ya ƙyale, ni kuma ina kwaɗe masa hannu. Da garin ya buɗe aka fara bukukuwa da kaɗe-kaɗe, sai ya sami aiki a wani kamfani mai kafa lasifika a wuraren taro a Dir'iyya. Can ya haɗu da wani ɗan Sudan mai buga piyano da wani yaro ɗan Damagaram mai jita, suka riƙa zuwa bikin mutane ranakun hutu. Na sani, na yi kamar ban sani ba.

Wata rana muna cin shinkafar kabsa da rana, ya tura mini wayarsa gaban faranti.

“Baba, dubi wannan. Minti ɗaya bas, ba ƙari.”

Wasu samari da 'yan mata ne Turawa a kan dandamali. Ɗaya na da gogen Turawa, ɗaya na busa wata baƙar sarewa doguwa, ga ganguna irin na zamani, ga wani yana murɗa na'ura. Sarewar nan tana kuka tana dariya a numfashi ɗaya. Ban yi niyyar magana ba, bakina ne ya riga ni.

“Wannan ai kiɗan biki ne. Amarya ake fitarwa.”

Abba ya buga cinya.

“Wallahi sah, haka ne! Yaya ka sani? Sunansa kilezma. Kiɗan bikin Yahudawan Turai ne na da can.”

Uwarku Rabi ta ajiye cokali.

“Yahudawa kuma, a kan abincina? Abba, ka rasa abin kallo?”

“Umma, makaɗa ne kawai. Kakanninsu suna yawo gari gari suna kiɗan aure, mutane suna raina su. Sai aka kashe da yawansu a babban yaƙin Turai, harshensu ma Yidish ya kusa tafiya. Waɗannan jikoki ne. Sun samo tsofaffin faifai, sun koya, sun haɗa da kiɗan yanzu.”

Sannan ya dube ni ido cikin ido, abin da bai saba ba.

“Su daga faifai suka koya, don ba su da kowa. Ni ina da kai. Ka ba ni kiɗan Kaka Tanko.”

Na dubi Rabi, ta dubi faranti. A nan na gane inda zancen ya zube. Na ce masa ni direba ne, ba ni da kiɗan da zan ba kowa, kuma kada in sake jin sunan nan haɗe da kiɗa a gidana. Na wanke hannu na tashi. Ina jin Rabi a bayana tana cewa,

“Malam, yaron nan ba giya ya roƙe ka ba.”

Ban juyo ba. Na ɗauka magana ta mutu, ashe hanya ta canza. Abba ya kira ƙanwata Hanne a gida, ita kuwa da ma ba ta taɓa jin kunyar ubanta ba. Ta nemo wani tsohon kaset da aka ɗauki Tanko a wurin wani taro, ta sa aka juye mata a waya ta turo masa. Ya ba wani mai dawowa daga Kano saƙo aka kawo masa kalangu, ya ajiye shi a ɗakin ɗan Sudan. Can yake koyo, shi da kunnensa, ba malami. Duk wannan daga baya na ji.

To, a cikin mutanenmu akwai Alhaji Mamman mai nama, wanda yake da shagon nama da gidan abinci a Batha. Ya riga ni zuwa da shekaru, shi ne babbanmu, kuma duk Juma'a bayan la'asar dattawa a majalisarsa suke haɗuwa. Na san ɗan kasuwarmu ne, na san ubansa Mati mahauci, amma ya bar gida ina ƙaramin yaro, don haka na sakankance bai san ko ni ɗan wane ne ba. A shekarar nan ya aurar da autarsa, ni ne ma na karɓi sadaki a madadinsa. Aka kama istiraha a Suwaidi, irin gidajen nan masu fili da ake haya don taro, aka yi walima bayan sallar Juma'a. Abokan ango suka gayyato su Abba. Ina zaune dama da Alhaji, an zuba mana gahawa, sai na hango ɗana ya fito da kalangu a hammata.

Na dake a wurina. Piyano ya fara, jita ta bi, Abba ya ɗora gula. Samari suka miƙe, har yaran Larabawa maƙwabta suka shigo fili. Abin ya yi daɗi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Sai ya juya kiɗan, ni kuma na ji kalangu ya buɗe baki yana cewa:

Mati ɓoye tsoka, baƙo ya shigo.
Mati lashe wuƙa, kada ƙuda ya samu.

Zambo ne. Wata shekara Mati ya hana ubana rabon naman da ake ba makaɗi ranar kasuwa, Tanko kuwa ya ɗinka masa wannan, ya yi ta bin sa da shi har yara suka ɗauka. Daga baya sun shirya, ubana ya bar kaɗa shi a kasuwa, sai dai in an matsa masa a wurin taro, don zambo ya fi yabo daɗin rawa. Shi ya sa ya faɗa cikin kaset, shi ya sa kuma kunnen Abba ya zaɓe shi. Da yaron ya ɓata kiɗan da mun tsira. Bai ɓata ba. Ya fitar da kowace kalma kamar Tanko ne ya tashi daga kabari, har 'yar girgizar da yake yi a kan “wuƙa”. Ina zaune zufa na karyo mini, rabin zuciyata na cewa ƙasa ta tsage in shige, rabi na cewa kai, yaron nan da hannu yake.

Alhaji Mamman ya ajiye finjalinsa a hankali. Ya saurara har aka maimaita, don ya tabbatar. Sannan ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya fita daga walimar 'yarsa ana tsakiyar rawa a kan zagin ubansa. Tsofaffi uku ko huɗu 'yan wajenmu suka sunkuyar da kai. Sauran jama'a ba su ji komai ba sai daɗi.

A gida na tsare Abba a falo, ko takalmi bai cire ba.

“Ka san abin da ka faɗa yau?”

“Ban faɗi komai ba, Baba. Ma fi kalam. Kiɗa ne bas, babu waƙa.”

Na ɗauko murfin tukunya na buga masa da yatsa, ina faɗin kalmomin a kai. Na ga fuskarsa tana sauyawa. Na gaya masa wane ne Mati.

“Wallahi ban sani ba. 'Yan kilezma ɗin ma da yawa ba su jin harshen kakanninsu, kuma suna kaɗawa, ba mushkila.”

“Watakila su ma akwai zagin wani a ciki, sai dai ba wanda ya rage da zai ji. Mu namu yana Batha yana sayar da nama.”

Rabi tana bakin ƙofar kicin, ta ce,

“Ya tambayi mai shi, mai shi ya ce direba ne. To, ga inda motar ta kai mu.”

Rabi ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana biyu kana cire ƙaya.

Kafin mako ya zagayo zance ya cika gari. Tsofaffin nan sun fassara wa kowa. Aka ce ɗan Malam Idi ya zagi mamaci a bikin jikarsa, aka ce da gangan ne, aka ce wani ne ya biya shi. Waɗanda suka yi alkawari da su Abba suka janye. Ya shiga masallacin unguwa ya yi sallama, aka amsa masa a ciki-ciki. Ya je shagon Alhaji don ya ba da haƙuri, yaran shago suka ce ba ya nan, alhali ana jin tarinsa. Abin da ya fi ba ni haushi, ni ba wanda ya taɓa. Ta'aziyya ma ake yi mini.

“Sannu Malam. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Allah ya shirya.”

Ni kuma ina amsawa da amin. Yaron ya daina cin abinci tare da mu, ya fara zancen neman aiki a Jidda.

Na shirya na tafi Batha da safe. Ni yaran ba su hana ni shiga ba. Na sami Alhaji a ɗan ofishinsa na bayan shago, na gaishe shi, na fara jero abin da na tsara, cewa yaro ne, haihuwar nan ne, bai san Hausar mutane ba balle ta kalangu, ya tsinci abin ne a waya. Ya bar ni na gama.

“Malam Idi, a waya ya tsinta?”

“A waya, Alhaji.”

“Ikon Allah. Waya ta rasa wanda za ta ba zambon Mati sai jikan Tanko.”

Ya ci gaba, ba tare da ɗaga murya ba.

“Tun ranar da ka fara shigowa shagon nan neman hanta na gane ka. Kafaɗarka ta hagu a ɗage take, hannun a buɗe, kamar akwai abu a hammatar. Haka ubanka yake tafiya. Na ga kana son rufi, na rufe ka. Ko matata ban gaya wa ba. Na sa ka gaba a auren 'yata. Sai a saka mini da wannan?”

Na rantse masa ba da sanina ba ne. Ya ce ya yarda, don ya ga fuskata a ranar.

“Amma yarda ba ta wanke Mati. An zage shi a gaban mutane. Ka san yadda ake wanke zambo a garinmu. In kuma ka manta, shi ke nan, Allah ya ba mu alheri.”

Ban manta ba. Zambo ba a wanke shi da baki. Kalangun da ya yi zagi shi zai dawo ya kaɗa taken mutumin na gaskiya, a gaban jama'a, daga hannun gidan da zagin ya fito. Taken Mati ba ya cikin kaset. Hanne ba ta iya ba. Duk duniya saura mutum ɗaya da yake da shi a hannu, kuma wannan mutumin ana ce masa Malam.

A hanyar komawa Ulaisha na yi ta lissafin dabara. Na ce in kulle ɗaki in koya wa Abba, ya je ya kaɗa, ni ina gefe da carbi. Amma za a tambaya wa ya koya masa, kuma ko ba a tambaya ba, Alhaji zai dube ni ya san na laɓe a bayan ɗana. Na ce in bar shi ya tafi Jidda, kura ta lafa. Sai na ga ashe ciniki ne a gabana, sunana ko nasa, kuma ni na riga na ci moriyar nawa, shi ko fara gina nasa bai yi ba. Na san abin da zan rasa, kuma duk na rasa shi, kada wani ya gaya muku an yi mini adalci. Tun daga lokacin ba a sake sa ni gaba a neman aure ba. Raɗin suna ya koma hannun wani. Mutanen da suka sha shayi a falona suna kuka da matsalarsu, yau in mun haɗu sai su ce, “A'a, su Idi manya, yaushe za a ɗan taɓa mana?” Yana yi mini ciwo har gobe. In kun gan ni yanzu a bayan su Abba ina riƙe musu kalangu, ɗan Sudan na bi na da piyano, ku sani da tsada na sayi wurin.

Na isa gida na ce wa Abba ya je ya ɗauko kalangun. Ya tsaya yana kallona.

“Yalla, ba ka ji ba ne?”

Da ya kawo na ga tsarkiyar ta yi sako-sako, na zauna na ɗaure ta yadda ya kamata. Rabi ta leƙo, ta ga abin a cinyata, ta koma kicin. Sai ga shi ta aiko mini da man zafi na shafa wa yatsu.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka tafi majalisar Alhaji, ni da Abba. Ɗakin cike yake. Da na yi sallama aka matsa mini wurina na kullum, kusa da mai gida. Ban zauna ba. Na buɗe jakar da ke hannun Abba, na fitar da kalangu na rataya. Wani ya yi dariya, ya ɗauka zan fasa shi ne a gaban mutane don in huce wa Alhaji. Na ce,

“Jama'a, kiɗan da yaron nan ya yi a Suwaidi na gidanmu ne. Ubana ya ƙaga shi. Yaro bai san abin da yake faɗa ba, ni na sani. Na zo in biya.”

Na ɗora gula. Bugun farko ya fito a dakushe, hannuna ya yi nauyi, hammatar ta manta ƙarfinta. Na sake. A na uku kalangun ya gane ni, ya buɗe murya:

Mati na Kande, zakaran kasuwa.
Yanka da hantsi, maraya ya ci.

Na maimaita, na ƙara masa wuta yadda Tanko yake yi in ya iso bakin rumfa. Alhaji Mamman, mutumin da sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ya miƙe da kansa. Ya ɗaga hannun dama sama kamar da wuƙa a ciki, yadda mahauta suke amsa take. Bakinsa na motsi, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Tsofaffin wajenmu suka fara cewa, “Shi ne! Wallahi shi ne!” Na hangi Abba a bakin ƙofa, ya kafa wa hannuna ido, leɓɓansa na bin kalmomin.

Da na tsaya, Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar kuɗi. Ya tako har gabana ya manna mini a goshi, kamar yadda ake yi wa kowane makaɗi. Zufa ta riƙe ta. Duk ɗakin ana kallo, mutanen da jiya suke sunkuyawa su gaishe ni. Na ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa, amma ban kai hannu na cire ba, don cirewa raini ne ga mai kyauta.

Ya juya wajen ƙofa.

“Kai Abba, shigo ka zauna. Magana ta wuce.”

Sannan ya dawo da idonsa kaina. Na jira in ji Malam, don kunnena ya saba. Ya dafa mini kafaɗar hagu, ya ce da ƙarfi yadda na ƙarshen ɗaki zai ji,

“Idi na Tanko.”

Tun da na sauka a ƙasar nan ba wanda ya taɓa haɗa sunana da na ubana.

Na ce, “Na'am, Alhaji.”